UWA BIYU, ƊA ƊAYA

Labarin matan nan biyu da suka kai ƙara gaban Annabi Sulaimanu sananne ne ga Musulmi da Kirista duka. Kowacce ta ce jaririn nata ne, ba kuwa mai shaida. Da ya ce a kawo wuƙa a raba yaron biyu, sai ɗayar ta ce a bar wa abokiyar shari'arta, don dai kada a kashe shi. Nan take aka gane uwa. Abin da ya sa wannan dabara ta ci shi ne lalle ɗaya daga cikin matan ƙarya ta ke yi. To, a zamanin nan an sami wata irin shari'a wadda mata biyu za su tsaya gaban alƙali, kowacce ta ce ita ce uwar yaro, alhali kuwa ba wadda ta yi ƙarya. Ɗaya ta ce, daga jikinta aka ɗauki ƙwan da ya zama yaron. Ɗaya ta ce, ita ta ɗauki cikinsa wata tara, ita ta sha naƙudarsa. Wannan al'amari shi a ke kira aron mahaifa, waɗansu kuma su kan ce hayar mahaifa idan da biyan kuɗi a ciki.

YADDA A KE YI

Tun fil azal ƙwan mace da maniyyin namiji ba su haɗuwa sai a cikin jikin mace. A ranar 25 ga watan Yuli, 1978, aka haifi wata yarinya a garin Oldham na ƙasar Ingila, wadda ƙwan da ya zama ita a ɗakin binciken likitoci aka haɗa shi da maniyyin ubanta, sa'an nan aka mai da shi cikin mahaifar uwarta. Mutum biyu suka shahara da wannan aiki, Patrick Steptoe da Robert Edwards. Da likitoci suka ga ana iya haɗa ƙwai a waje a mai da shi ciki, sai suka lura ba tilas ne a mai da shi cikin matar da aka ɗauko shi daga jikinta ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara samun haihuwa ta wannan hanya a Amurka.

Ga yadda aikin ya ke tafiya. Da fari a kan auna lafiyar mata da mijin da ke neman haihuwa, a kuma auna ta matar da za ta ɗauki cikin. Galibi ba a karɓar mace sai wadda ta taɓa haihuwa lafiya, domin ita ta san abin da za ta shiga. Sa'an nan a yi wa matar gida allurai kamar kwana goma zuwa sha biyu, don ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda. In sun nuna, likita ya zuƙo su da wata siririyar allura, yana duban hoton cikin a na'ura. A haɗa su da maniyyin mijinta a ɗan faranti, a ajiye cikin akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, kwana uku zuwa biyar. A wannan lokaci ɗan tayin bai kai ƙwayar gero ba, sai da madubin likita a ke ganinsa sosai.

Ita kuwa mai ɗaukar ciki, tun kafin nan ana ba ta magungunan da za su shirya mahaifarta, kamar yadda manomi ya kan gyara gona kafin shuka. Ran da aka shirya, sai a zura ɗan tayin cikin mahaifarta ta wani ɗan siririn bututu. Bayan kamar kwana goma ko mako biyu a auna jininta a ga ko ciki ya zauna. Sau da yawa ba ya zama a karon farko, sai an sake. In ya zauna, ta ci gaba da magani har wajen wata uku, daga nan cikin ya tafi kamar kowane ciki.

Kamanni da launin fata da irin jini duk daga ƙwai da maniyyi yaro ke gado, rabi daga uwa rabi daga uba, saboda haka ba ya ɗauko kamar wadda ta haife shi. Amma duk abin da ya gina ƙashinsa da tsokarsa daga jikinta ya fito, ta mabiyiya da cibiya. Abin da ta ci shi ya ci, numfashinta shi ne nasa, cikin watannin ƙarshe kuma har muryarta ya kan ji.

HUKUNCIN ALƘALAI

A shekarar 1990, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wata mata da likita ya cire wa mahaifa, amma ƙwayayenta suna nan lafiya, ta ƙulla yarjejeniya ita da mijinta da wata abokiyar aikinta a asibiti. Za a ba ta dala 10,000 ta ɗauki cikin, in ta haihu ta miƙa. Ciki ya zauna, amma kafin haihuwa sai suka ɓata, kowane gefe ya ruga kotu. Aka haifi yaro namiji cikin watan Satumba na wannan shekara. Shari'a ta yi ta hawa har ta kai babbar kotun jihar, wadda ta yanke hukunci a 1993.

Alƙalan suka ce dokarsu ta yarda da hujja biyu ta zama uwa, jini da haihuwa, ga shi kuwa kowacce ta riƙe ɗaya. Don haka suka nemi abin da zai raba gardama, suka ce niyya ce: wadda ta yi nufin a sami yaron domin ta rene shi, wadda ba don ita ba da ba a fara aikin ba, ita ce uwa. Aka ba mai ƙwai. Alƙali ɗaya daga cikinsu, mace, ba ta yarda ba. A ganinta, bin niyyar wanda ya fara ƙulla abu hanya ce ta raba gardamar dukiya, yaro kuwa ba dukiya ba ne, kamata ya yi a dubi abin da ya fi masa alheri.

A Ingila kuwa akasin haka doka ta tafi. Duk macen da ta haihu ita ce uwa a wurin hukuma, ko da ƙwan na wata ne. Masu neman ɗan sai sun je kotu bayan haihuwa a mai da musu iyayentaka, ba kuwa a karɓar yardar mai jego sai bayan mako shida da haihuwa, watau kusan daidai da arba'in. In ta ce ta fasa, takardar yarjejeniya ba ta isa ta tilasta ta ba. A Afirka ta Kudu, bisa dokar yara ta 2005, sai babbar kotu ta duba yarjejeniya ta tabbatar da ita tun kafin a shiga aikin, sa'an nan yaro ya zama na masu nema tun ran da aka haife shi. Faransa da Jamus sun hana abin ɗungum. Italiya ma a 2024 ta mai da shi laifi ko da ɗan ƙasarta waje ya tafi ya yi. Mai karatu zai ga masana shari'a na ƙasashe masu ilmi sun dubi abu guda, sun rabu kashi-kashi. Wannan ya nuna tambayar ba ƙarama ba ce.

HUJJAR MASU YARDA

Ba a san zafin rashin haihuwa ba sai an zauna da mai shi. Hausawa na cewa haihuwa maganin mutuwa, wadda ba ta samu ba kuwa ta san abin da ta ke sha na gori da habaici. Akwai matan da a ke haifa ba su da mahaifa, wajen mace ɗaya cikin dubu biyar. Akwai waɗanda aka cire wa ita don ceton ransu, saboda ciwon daji ko zubar jini wajen haihuwa. Akwai masu yawan ɓari, da masu ciwon zuciya waɗanda ciki zai iya halaka su. Masu yarda da aron mahaifa suna cewa, in ƙanwa ta dubi yayarta cikin wannan hali ta ce za ta ɗauke mata nauyin wata tara, wane ne aka zalunta? Ana yabon wanda ya ba ɗan'uwansa jini ko ƙoda, don me za a zargi wadda ta ba da aron cikinta?

Suna kuma kawo misalin shayarwa. Tun zamanin da, a kan ba wata mace jariri ta shayar, a biya ta lada, ba wanda ya ce ta sayar da mutuncinta. Halimatu Sa'adiyya da shayarwa ta sami darajar da har yau a ke ambatonta. In ya halatta a biya ladan nono, in ji su, me zai hana a biya ladan ciki?

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma in an bi ta har ƙarshe sai ta kai inda masu ita ba su nufa ba. Mai shayarwa ba a biyanta a sallame ta kamar ɗan dako. A shari'ar Musulunci nono ya kan mai da ita uwa, 'ya'yanta su zama 'yan'uwan yaron, aure ya haramta tsakaninsu har abada. To, in nono ya ƙulla zumunta irin wannan, yaya cikin wata tara zai wuce ba tare da ya ƙulla kome ba? Haka kuma al'adar riƙo. A ƙasar Hausa a kan ba matar da ba ta haihu ba ɗan 'yar'uwarta ta riƙe, ta yi masa kome har aure, amma ba a ɓoye wadda ta haife shi, ba a kuma shafe sunanta. Misalan nan biyu sun nuna yaro yana iya samun uwa fiye da ɗaya, kowacce da matsayinta. Ba su nuna ana iya kankare ɗaya da alƙalami ba.

MAGANAR KUƊI

Inda abin ya fi wuya shi ne wurin da kuɗi suka shigo. Daga 2002 ƙasar Hindu, watau Indiya, ta zama kasuwar wannan aiki, garin Anand na jihar Gujarat ya yi suna a kai. Masu hali daga Turai da Amurka su kan zo, domin kuɗin bai kai rabin na ƙasashensu ba. Matan da ke ɗaukar cikin galibi matalauta ne. A kan tara su a gida ɗaya kusa da asibiti har su haihu, nesa da mazansu da 'ya'yansu. Abin da mace za ta samu a ciki ɗaya ya kan fi abin da gidansu zai tara cikin shekaru, da shi waɗansu suka gina ɗaki, waɗansu suka biya bashi, waɗansu suka sa 'ya'ya makaranta.

Wani zai ce, to, ai kowa ya amfana, ba wanda aka ɗaure aka kai. Gaskiya ne, amma yarda iri biyu ce. Akwai yardar wanda ke da zaɓi, akwai ta wanda bashi ya shaƙe wa wuya. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Abin lura shi ne, da wuya a ji matar attajiri ta ɗauki ciki domin matar talaka, kullum hanya ɗaya abin ke bi. Masu bincike sun kuma tarar da mata da yawa sun sa hannu ko sun dangwala yatsa a takardun da aka rubuta da Turanci, ba su iya karanta ko layi guda ba. Cikin irin takardun nan kuwa a kan rubuta manyan abubuwa: ɗan tayi nawa za a zura, wa ke da ikon cewa a zubar da ciki in an ga naƙasa, ko za a yi mata tiyata wajen haihuwa, wa zai biya magani in ta kwanta ciwo bayan an tafi da jariri, me za a ba 'ya'yanta in ta rasu. Duk wanda ya fita daga duhun jahilci ya san bambancin mai karanta takarda da kansa da wanda a ke karanta wa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga shi kuma ciki ba aikin wasa ba ne. Akwai hawan jini, akwai jijjiga, akwai zubar jini, haɗarin kuma ya kan ƙaru in tagwaye ne, abin da ke yawan faruwa in an zura ɗan tayi fiye da ɗaya. Lebura in ya gaji ya kan ajiye kaya ya huta, in aiki ya yi masa tsanani ya bari. Mai ciki ba ta da hutun dare ko na Jumma'a, ba ta kuma iya ajiyewa a tsakiyar hanya. Saboda haka ba daidai ba ne a lissafa shi cikin sauran ƙwadago.

Daga baya gwamnatin Indiya ta hana baƙi a 2015, sa'an nan ta yi doka a 2021 wadda ta hana biyan lada sam, sai dai kuɗin magani da inshora. A dokar, mai ɗaukar ciki sai wadda ta taɓa aure ta haihu, mai shekara 25 zuwa 35, sau ɗaya tak kuma a rayuwarta. Amma nan ma da abin dubawa. In likita ya karɓi ladansa, lauya ya karɓi nasa, ashe wadda ta sa ranta a haɗari ita kaɗai za ta tashi hannu rabbana? Kuma inda aka ce sai don zumunci, wace ce za ta iya cewa a'a in dangin miji suka taru a kanta? Matsin dangi ya kan kai na talauci nauyi. Ashe hana kuɗi kawai bai isa ya tabbatar da adalci ba.

WANDA BA A TAMBAYA BA

A cikin wannan ciniki akwai mutum ɗaya wanda ba ya wurin sa'ad da a ke ƙulla shi, shi ne kuwa abin ya fi shafa. A 2007 wani mutumin Japan da matarsa suka yi yarjejeniya a garin Anand, da ƙwan wata mace dabam. Kafin a haihu sai aurensu ya mutu. Da aka haifi yarinya, tsohuwar matar ta ce ba ta so, wadda ta haife ta kuma ta cika alkawari ta tafi. Dokar Japan wadda ta haihu ta sani, dokar Indiya kuma ba ta da wurin da za ta sa yarinyar. Ga mata uku da hannu a samuwarta, amma a takarda ba ta da uwa, ba ta da ƙasa. Kakarta ta wajen uba ce ta zo ta zauna da ita, sai bayan wajen wata uku aka ba ta takardar tafiya. Haka kuma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki, jarirai wajen hamsin suka taru a wani masauki a birnin Kiyef na ƙasar Yukren, masu reno na kula da su, waɗanda suka haife su sun koma gida, masu nemansu kuma sun kasa isowa.

Waɗannan labarai sun nuna haɗarin mai da haihuwa kamar sautu. Mai sautu in kaya suka zo ba yadda ya so ba, ya kan mayar. Yaro kuwa ba a mayar da shi. Duk wanda ya sa aka kawo rai duniya, ya ɗauki nauyinsa ke nan, namiji ne ko mace, lafiyayye ko naƙasasshe, aure na nan ko ya mutu.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Majalisar malaman fiƙihu da ke Makka ta dubi mas'alar a 1984, ta ba da izini a wuri ɗaya kaɗai, watau in kishiya ce za ta ɗauki cikin kishiyarta, tun da miji ɗaya ne. Da shekara ta kewayo, a 1985, sai ta janye izinin, domin kishiyar tana iya samun nata cikin a daidai wannan lokaci, a rasa gane ɗan wace ce. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman, ta haramta aron mahaifa, ta bar wa ma'aurata haɗa ƙwai a waje muddin cikin matar da ke da ƙwan za a mayar. Babban dalilinsu tsare nasaba ne, suna kuma kafa hujja da wata aya ta Suratul Mujadala wadda ta danganta uwa da haihuwa. A Iran waɗansu malaman Shi'a sun halatta, ana kuwa yi. Cocin Katolika ya ƙi abin tun 1987, Paparoma Francis kuma a 2024 ya yi kira a hana shi a duniya duka. Wannan ba labarin nesa kaɗai ba ne, gama akwai asibitoci a Legas da Abuja da ke yin aikin, don haka mai bin addini sai ya san matsayin addininsa kafin ya ɗaga ƙafa.

INDA MAGANA TA TSAYA

Da, ƙwai da ciki da reno a jikin mace ɗaya su ke haɗuwa, shi ya sa kalma ɗaya ta ishe su. Ilmin likita ya raba su, kalmar kuwa tana nan ɗaya. Alƙali tilas ne ya rubuta suna guda a takarda, domin a san mai ciyarwa da mai gado. Amma abin da alƙali ya rubuta ba shi ke kankare abin da ya faru ba. Mai ƙwai tana da gaskiya, jininta ne. Wadda ta haihu ita ma tana da gaskiya, gama ba rumbu ba ce da a ke zuba hatsi a kwashe.

Saboda haka, ko ƙasa ta hana ko ta bari, akwai haƙƙi uku da ba su faɗuwa. Na farko na mai ɗaukar ciki ne: ta san duk abin da ke cikin takarda da harshen da ta ke ji, ta sami mai ba ta shawara wanda ba masu nema ke juya shi ba, ikon jikinta ya zauna a hannunta, a kuma kula da lafiyarta har bayan jego. Na biyu na yaro ne: tun kafin a haife shi a san wanda zai karɓe shi ko yaya ya zo, a san ƙasarsa, in ya yi hankali kuma a gaya masa gaskiyar asalinsa. Na uku na masu neman haihuwa ne: kada a yi musu gori, kada kuma 'yan damfara su ci da hawayensu. Inda ba za a iya tsare ukun nan ba, barin aikin ya fi yinsa.

A shari'ar Annabi Sulaimanu ba da jini aka gane uwa ba, ba kuwa da takarda ba. An gane ta domin ta fifita ran yaron bisa nata rabo. Wannan ma'auni bai tsufa ba, da shi ya kamata a auna mai ƙwai, da mai ciki, da likita, da masu yin doka.